Ɗiyar Ƙanena da Karatun Jinyar Masu Taɓin Hankali



Aikin magatakarda a zauren dattijo aiki ne na rubuta abin da mutane ba su so a ji a waje. Shekaru masu yawa ke nan ina riƙe da alƙalami a gaban dattijonmu a nan Rumde Ajiya, kuma abin da ya fi cika littafina shi ne rikicin aure, da rabon gado, da iyakar fili, da bashin da aka ci aka yi shiru. Amma akwai wata matsala da take shigowa a ɓoye, a cikin rigar waɗannan. Mutum zai zo ya ce yana son a raba auren 'yarsa, sai an tsananta bincike a gano mijin ya yi wata uku ba ya barci, yana magana da mutanen da ba kowa ke ganinsu ba. 'Yan uwa za su zo kan rabon gida, sai a tarar akwai wani ɗan uwa a ɗakin baya wanda ba a ambace shi ba, domin an daɗe da daina lissafa shi cikin masu rai. Ba a cewa hauka a zaure. Ana cewa “ba ya jin daɗi”, ko “an taɓa shi”, ko “mutanen ɓoye ne”, ko “hannu aka sa masa”. Maƙwabtanmu Fulani su ma suna da nasu lafazin, kuma shi ma daga sunan aljanu aka ciro shi.

Da wannan sanin nake lokacin da maganar ɗiyar ƙanena ta iso zauren.

Yarinyar ta ci jarrabawar bakaloriya, ta shiga karatun jinya na jami'a, irin na shekara uku da ake kammalawa da digirin lisans. Wannan bai tayar wa kowa hankali ba, har ma uwarta tana alfahari cewa za a samu mai yi wa tsofaffi allura a gida. Ana cikin shekara ta biyu sai ta dawo hutu ta ce ita ta zaɓi fanninta, za ta ƙware a jinyar masu taɓin hankali. Ubanta ya ce bai ji ba. Ta maimaita. Ya ce da bakinsa bai yarda ba. Da ta ƙi janyewa, cikin ladabi amma ba tare da ja da baya ba, sai ya kawo ta gaban dattijo, da zaton za a tsawata mata a wuce wurin.

Dalilan ƙanena ba na wofi ba ne, kuma ban yarda a yi musu dariya ba. Na farko, tsoron duka: ya ji labarin majinyatan da ke fasa ƙofa, ya ce 'yarsa ba ta da ƙarfin kokawa da ƙato. Na biyu, abin da mata suka cusa wa uwar yarinyar, wai mai yawan zama da mahaukata ƙarshensa ya zama ɗaya daga cikinsu, wai iskar da ta bar majinyaci tana neman na kusa ta hau. Na uku shi ne wanda bai faɗa da ƙarfi ba, amma shi ya fi ci masa rai: wa zai auri “likitar mahaukata”? Mu Hausawan Garwa ba mu da yawa, kowa ya san gidan kowa, kuma suna idan ya manne wa gida sai ya bi jikoki.

Dattijo ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juyo gare ni ya ce, “Malam, me littattafai suka ce?”

Ni ba likita ba ne. Allo na yi, na sauke, na zauna gaban malamai na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, na ɗan leƙa abin da ya fi su. Abin da na gaya wa zauren shi ne, duk wanda ya yi wannan karatu ya haɗu da mai taɓin hankali tun a babin tsarki, ko da bai lura ba. Gushewar hankali yana cikin abubuwan da ke warware alwala. Wanda hankalinsa ya gushe har lokacin salla ya fita ba a ɗora masa ramuwarta ba. Sakinsa ba ya aukuwa, cinikinsa ba ya ƙulluwa, ba a tsayar masa da haddi, kuma dukiyarsa ba ta zama ganima ga 'yan uwa, waliyyi ake naɗa masa ya tsare ta har ya samu sauƙi. Rabonsa na gado yana nan daram. Malaman fiƙihu har sun bambanta wanda cutar ta rufe shi gaba ɗaya da wanda take zuwar masa tana sakinsa, suka ba kowanne hukuncinsa. Shari'ar da ta yi wa mutum wannan tanadi ba ta ɗauke shi abin ƙyama ba. Ta ɗauke shi majinyaci mai haƙƙi a kan jama'a. Kuma abin da jama'a ke buƙata wanda babu makawa sai wani ya iya shi, kamar wankan gawa da ungozomanci, farilla ce ta kifaya: idan wasu suka tsaya da ita an sauke wa saura, idan kowa ya ƙi, kowa ya ɗau laifi.

Na ƙara musu da ɗan tarihi, domin akwai masu ganin maganin wannan cuta a asibiti baƙon abu ne da Nasara suka zo da shi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan maslahar jiki da ta rai, ya yi babi-babi a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda yake sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya ce wannan na biyun yana da nasaba da jiki kuma yana buƙatar magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Ko a nan kusa da mu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai ga ƙasƙanci ba wajen ɗaukar alƙalami ya yi rubutu a kan cututtuka da magungunansu, alhali yana riƙe da daula.

A nan ne wani dattijo daga cikin mazauna zauren ya tare ni. Ya ce, “To Malam, kana nufin mu bar ruƙiyya ke nan?” Na ce a'a. Ni kaina ina yi wa yara tofi, ina rubuta wa mai jego abin sha idan an nema, kuma ban taɓa ganin karo tsakanin addu'a da ƙwaya ba, kamar yadda ba wanda ke ganin karo tsakanin addu'a da ɗorin karaya. Abin da ba zan kare ba shi ne mari. Na shiga gidajen da aka ɗaure mutum da sasari a jikin turke kamar ɗan akuya, ƙafarsa ta yi gyambo, ana dukansa wai aljani ake duka, alhali fatar da ke fashewa ta ɗan Adam ce. Duk mun ji abin da ya faru a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane kimanin 300 daga wani gida, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma ba a daɗe ba aka ga irinsa a Daura. A shekarar da ta biyo baya ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana wannan ɗauri a ƙasashe 60. Iyayen da ke kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje ba mugaye ba ne. Mutane ne da suka gaji, suka rasa wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Dattijo ya tambayi yarinyar ko tana da abin faɗa. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Allah ya ja da ranka, ni dai na ga waɗanda ake kawowa asibiti daga unguwanninmu sai abin ya yi nisa ake kawo su, kuma idan sun zo babu mai jin maganarsu.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Dattijo ya ce wa ƙanena ya je ya yi istihara, ya dawo bayan Juma'a biyu. Ya dawo, ya ce ya amince, da sharaɗin idan ta gama za ta nemi aiki a Arewa.

Wannan magana tata ta ƙarshe, cewa babu mai jin maganarsu, ita ce ta fi tsaya mini, domin na san ta a aikace. Na sha haɗa kuɗin karo-karo don a kai wani ɗan unguwa kudu. Tafiyar ba ƙarama ba ce: mota daga Garwa zuwa Gaundare, kilomita kusan 270 da hawan dutsen nan mai wahala, sannan jirgin ƙasa na dare har Yawunde, da majinyacin da bai san inda yake ba da mutum biyu masu riƙe shi. Can a Yawunde asibitin Jamot ne aka sani da wannan fanni, wanda aka sa wa sunan likitan Faransa da ya yaƙi cutar barci a ƙasar nan, a Duwala kuma akwai sashen a asibitin Laquintinie. Wasu iyalan sukan gwammace su tsallaka Najeriya, zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, ko Dawanau ta Kano, ko Barnawa ta Kaduna, ba don komai ba sai don a can za a tambaye su da Hausa su amsa da Hausa.

Ciwon ciki ana iya nuna shi da yatsa. Karaya hoto yana nuna ta. Amma wannan cuta babu inda take bayyana sai a cikin magana, kuma da magana ake auna ta. Idan tsohuwa ta ce “zuciyata ta tsinke”, ko “wani abu yana yi mini yawo a ka kamar kiyashi”, ko “duniya ta yi mini zafi”, tafinta zai juya wa likita shi da Faransanci ya zama ciwon zuciya ko ciwon kai, a rubuta mata maganin da bai shafi damuwarta ba. Balle idan tafintan mijinta ne, ko ɗanta, waɗanda ba za ta taɓa faɗar abin da ke cin ta a gabansu ba. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Yarinyar da ta tashi a Rumde Ajiya tana jin Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a makaranta, ta san kunya da alkunya, ta san abin da ake nufi idan aka yi shiru, tana da kayan aikin da ba a koyar da su a kowace jami'a.

Duk hutun da ta zo nakan zaunar da ita in tambaye ta abin da suke karantawa, kamar yadda malamanmu ke yi mana bita. Ashe karatun ya fi yadda muke zato nauyi. Sai an fara zama cikakken ma'aikacin jinya tukuna, an san sassan jiki da aikin jini da ƙoda da hanta, an iya karɓar haihuwa da wanke rauni, kafin a kai ga ƙwaƙwalwa. Ta ce a Ingila ɗalibi tun ranar farko yake zaɓar wannan fanni ya yi shekara uku a kansa, amma a ƙasashenmu bisa ginin jinya ta gaba ɗaya ake ɗora shi, kuma ita tana ganin namu tsarin ya fi dacewa da mu. Dalilinta ya gamsar da ni. Ta ce, “Baffa, a nan idan aka kawo maka mutum yana sambatu a watan Maris ko Afrilu, kafin ka ce taɓin hankali ne sai ka tabbatar ba sanƙarau ba ne. Da damina kuma sai ka tabbatar ba zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai ba. Wanda sukarinsa ya faɗi ma yakan yi kamar ya zautu. Idan ka yi kuskure a nan, kafin gobe an yi jana'iza.”

Ta yi mini bayanin cututtukan da mu muke tarawa a kalma ɗaya. Akwai wadda mutum ke jin muryoyi yana zargin ana bin sa, wadda ta fi kama matasa a farkon ƙarfinsu. Akwai wadda ke ɗaga mutum sama ya yi kwanaki ba barci, yana rabon dukiyarsa yana shirya manyan abubuwa, sannan ta jefo shi ƙasa ya kasa tashi daga shimfiɗa. Akwai baƙin cikin da ke hana ci da wanka da salla, wanda mu muke kira lalaci ko raunin imani, mu ƙara wa mai shi nauyi da wa'azi. Akwai wadda ke kama mace a makonnin farko na jego, har ta ƙi jaririnta ko ta ji tsoron taɓa shi, kuma wannan ta ce gaggawa ce, ba a jira a ga ƙarshen arba'in. Farfaɗiya kuwa ba hauka ba ce sam, kuma yawun mai ita ba ya harbin kowa. Abin da ake yi masa idan ya faɗi shi ne a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki, a juya shi ya kwanta ta gefe idan jijjigar ta lafa. Yara nawa muka cire daga makarantar allo saboda wannan tsoro?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar magunguna. Na farkonsu, wanda ake sayarwa da sunan Largactil, a birnin Paris aka fara gwada shi a kan masu wannan cuta a 1952, wato bai girmi wasu dattawan zaurenmu ba. Ta ce irin waɗannan magunguna sukan sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, yawu ya zuba, wani lokaci wuya ya karkace ido ya juye sama. Iyali idan suka ga haka sai su ce aljanin ya fusata da maganin asibiti, su zubar da shi su koma inda suka fito, alhali illar magani ce da ake gyarawa da rage shi ko ƙara wata ƙwaya. Maganin baƙin ciki kuma ba ya nuna aikinsa sai bayan makonni, mutane kuwa kwana uku suke ba shi. Wanda ya samu sauƙi sai ya daina sha, cutar ta dawo, a ce ai dama ba a warkewa. Ta ce rabin aikinsu shi ne zama da iyali a yi musu wannan bayani tun kafin abin ya faru, da bin majinyaci a tabbatar ya zo allurarsa ta wata-wata. Likitan ƙwaƙwalwa yana ganin mutum na ɗan lokaci ya rubuta takarda. Mai jinya shi ke kwana da shi, shi ke lura ya ci ko bai ci ba, shi ke gane ranar da shirunsa ya sauya kama.

Game da duka da ubanta ke tsoro, ta ce ana koya musu yadda ake tsayawa, da yadda ake sassauta murya, da barin ƙofa a buɗe, da kada a tunkari mai firgici ta baya, kuma ba a barin mutum ɗaya da majinyacin da ya hargitse. Ba ta ce babu haɗari ba. Ta ce yawancin waɗanda ta gani tsoro ne ya cika su, kuma an fi cutar da su fiye da yadda suke cutar da wani.

Ta kuma ba ni labarin wani likita Bayarabe, Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara wani tsari a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majinyata, sai ya saukar da su a gidajen mutanen ƙauye, kowanne tare da wani ɗan uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a da yamma, kuma ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su bai kore su ba. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Da na ji wannan sai na ce ai mu ma muna da zaure, muna da limamai, muna da unguwar da kowa ya san kowa. Yawancin masu wannan lalura wurin malami ake fara kai su, kuma haka za a ci gaba da yi. Da malamin zai san alamomin da idan ya gan su zai ce, “Na yi addu'a, yanzu ku wuce asibiti yau ɗin nan”, da an tsirar da mutane da dama.

Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako, aka buɗe sansanin Minawao a 2013, mutanen Kolofata da Fotokol da Amchide suka watsu, wasunsu har nan Garwa. A cikinsu akwai matan da ƙarar buɗe murfin tukunya ke sa su zabura, da yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Ga kuma tramol, wanda ya shiga cikin samarinmu masu haya da babur da masu aikin ƙarfi, ana sha don a jure rana, a ƙare da faɗuwa kamar mai farfaɗiya. An gyara mana filin wasa a unguwar nan, mun ga baƙi daga ko'ina a gasar cin kofin Afirka a farkon 2022, kuma a shekarar ce aka ba Garwa jami'arta. Muna godiya. Amma gini ba ya sauraron majinyaci, sai an samu mutum a cikinsa, kuma idan ba mu tura namu 'ya'yan ba, ba mu da bakin yin ƙorafi a kan wanda aka turo mana.

Kada in sa ku zaci komai ya tafi daidai. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati jaka hamsin ne na sefa a shekara, amma karatun lafiya ba ya tsayawa a nan: ga kayan aiki, ga littattafai, ga haya da abinci a watannin koyon aiki a kudu. Ƙanena ɗan tireda ne. Dattijo ya sa aka buɗe shafi a littafina, 'yan kasuwa suka sa abin da ya sawwaƙa, matan unguwa suka ba uwarta ɗaukar farko a adashinsu. Wani attajiri da aka je wa ya ce da ungozoma za ta zama da ya biya duka, amma wannan ba zai sa kuɗinsa ba. Kuma abin da ƙanena ya ji tsoro ya faru: gidan da suka fara neman aurenta sun aiko cewa a dakata, ba su kuma sake waiwayowa ba. Uwarta ta yi kuka, har yau ba ta gama haƙura ba, takan ce mu maza mun yanke hukunci a zaure mun bar ta da surutun mata a gidan biki.

Sai dai wani abu ya sauya a layinmu. Idan yarinyar ta zo hutu, bayan sallar isha'i akan yi sallama a ƙofar gidansu a hankali. Mata ne, ɗaya-ɗaya, a lulluɓe, cikinsu har da waɗanda suka fi kowa zuga uwarta a farko. Ba ta ba kowa magani, domin ba ta kai ba tukuna, takan saurara ne ta faɗa musu inda za su je da abin da za su ce idan sun isa. Ta hanyarta aka kwance wani saurayi da ya yi kusan shekara biyu a ɗaure, aka kai shi asibiti. Yanzu yana zama a shagon yayansa yana auna wa mutane shinkafa, ko da yake ranar da ya ƙi shan magani kowa a gidan yana sani.

Saura mata shekara guda. Sharaɗin da ubanta ya gindaya na aiki a Arewa ba a hannunta yake ba, domin ma'aikatar lafiya ce ke rarraba ma'aikata, kuma tana iya jefa ta Bertuwa ko Ebolowa. Dattijo ya umarce ni in fara shirya takardar roƙo da Faransanci, da sa hannun limamai da masu unguwanni, a ajiye ta har ranar da sakamako zai fito. Na rubuta ta sau biyu, ina jiran wani malamin makaranta ya duba mini nahawunta.